Madubi a Cikin Filas: Yadda Haske Ke Ratsa Wofi

Ranar wata Asabar cikin hunturun bara, filas ɗin shayinmu ya suɓuce daga hannun autata ya daki siminti. Irin tsohon filas ɗin nan ne mai jikin kwano da zanen furanni, wanda uwargida ta zo da shi cikin kayan ɗaki, ya fi shekara ashirin yana yi mana bauta. Ƙarar da ya yi ta bambanta da ta kofin tangaran, wani irin "bum" ne a dunƙule, kamar an fasa ƙwan fitila irin na da. Uwargida ta yi salati. Yarinya ta yi tsuru-tsuru tana jiran faɗa. Ni kuwa, da yake na daɗe ina koyar da fiziks a sakandare kuma hali zanen dutse ne, sai na ce a miƙo mini faranti.

Na kwance gindin filas ɗin, na zazzage tarkacen. Gilashi ne siriri kamar ɓawon ƙwai, yana ta sheƙi. Wuyan bai farfashe ba, don haka na nuna wa Auta abin da ba a gani sai irin wannan rana: ashe kwalba biyu ce, ɗaya a cikin ɗaya, an haɗe bakinsu, an bar ɗan tsakani da bai kai kaurin ɗan yatsa ba. A cikin tarkacen na tsinto wani ɗan tsini kamar kan nono. Ta nan ne masu ƙerawa suka zuƙe iskar da ke tsakanin kwalaben biyu, sannan suka narke bakin da wuta suka toshe. Wannan "bum" da muka ji, iskar ɗaki ce ta ruga ta cike gurbin da aka hana ta shiga shekara da shekaru.

Auta ta ɗauki wani ɓallin tana juya shi, ta ga idonta a ciki.

"Baba, me ya sa aka sa madubi? Wa zai duba fuskarsa a cikin filas?"

Na ce mata don a tsare zafin shayi ne kada ya gudu.

Ta yi shiru kaɗan, sannan ta ce, "Ai ka ce an zuƙe iskar, babu komai a tsakani. To ta ina zafin zai bi ya gudu, har sai an tare shi da madubi?"

Yarinyar tana aji biyu na ƙaramar sakandare. Ba ta san cewa tambayar da ta jefo mini ta hana manyan masana barci fiye da shekara 200 ba.

Amsar ta kusa mai sauƙi ce. Zafi yana da hanya uku. Yana bin jikin abu, shi ya sa cokalin da aka bari a cikin shayi ke ƙona hannu. Yana hawa bayan iska ko ruwa su tafi da shi, kamar hucin da ke tashi daga murhu. Waɗannan biyun duk sai da abin bi, kuma zuƙe iskar nan ya datse su. Ta ukun ita ce mai taurin kai: duk abu mai zafi yana fitar da haske, ko da ido ba ya ganinsa. A shekarar 1800 William Herschel, a Ingila, ya raba hasken rana launi-launi da gilashi mai kusurwa uku, ya riƙa ɗora ma'aunin zafi a kan kowane launi. Da ya gusa da ma'aunin gaba da ja, inda ido ba ya ganin komai, sai ya tarar nan ma ma'aunin ya hau. Wannan ɓoyayyen haske shi ne ke fita daga rimot ɗin talabijin. Danna shi a gaban kyamarar waya, a wayoyi da yawa za ka ga ƙwan yana ƙiftawa. Shi ne kuma ke fita daga shayi mai zafi, kuma babu ruwansa da ko akwai iska ko babu. Shi ya sa James Dewar, wanda ya fito da dabarar filas a Landan a 1892, daga baya ya shafe gilashin da azurfa, don hasken ya daki madubi ya koma inda ya fito. Dewar ma ba shayi ne a gabansa ba, yana neman inda zai adana iskar da ya sanyaya har ta zama ruwa ne.

Na faɗa wa Auta wannan, ta gyaɗa kai, amma na san ban amsa mata ba. Na dai sauya wa tambayar riga ne. Haske ne ke ɗauke da zafin, to shi hasken me ke ɗauke da shi?

Mu ɗaga kai sama, don a can ne filas ɗin gaske yake. Iskar da muke shaƙa ba ta da wani kauri. In da mota za ta iya miƙewa sama, kafin ta yi tafiyar da ta kai Kano zuwa Zariya ta riga ta bar kusan dukkan iskar duniya a baya. Daga nan har rana, kilomita miliyan 150, fayau ne. A ɗan wurin da bai wuce santimita ɗaya ta kowane ɓangare ba, iskar ɗakinka tana da ƙwayoyi kimanin biliyan sau biliyan 25. A wuri mai wannan girma can tsakaninmu da rana, da ƙyar ka ƙirga goma. Babu injin da ɗan Adam ya ƙera da ke share cikin filas ya kai haka tsafta. Duk da haka, ta cikin wannan wofi ne zafin watan Afrilu ke zuwa ya gasa mu, ya busar da kilishi, ya cika batirin sola.

Ranar Laraba, 29 ga Maris 2006, na ji wannan a fatar jikina. Ina Katsina lokacin, inda inuwar wata ta ratsa bayan ta baro Gana da Togo da Binin, kafin ta wuce Nijar da Libiya. Da hantsi ne, rana ta fara cizo. Na fito da ɗalibai fili, mun huda kwali muna kallon hoton rana a ƙasa, ana ta gutsurarsa kaɗan-kaɗan. Hasken gari ya koma wani iri, kamar an surka shi da toka. Can sai duhu ya rufto. Kaji suka nufi akurki, ana jin kabbara daga masallatai ana sallar husufi, Gamzaki ya fito ɓaro-ɓaro tsakar rana. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne sanyin. Tun kafin duhun ya gama rufewa na ji zafin da ke dukan ƙeyata ya ɗauke, kamar an janye ni daga bakin murhu. Wani dunƙulen dutse, a nisan kilomita kusan 360,000, ya gitta a cikin wofi, nan da nan ƙeyata ta sani. Bayan minti uku da wani abu ya gusa, zafin ya dawo. Iskar Katsina tana nan inda take, ba ta je ko'ina ba. Abin da aka datse a can sama aka datse shi.

Dalilin da ya sa abin ke yi wa hankali wuyar haɗiya shi ne, duk saƙon da muka sani yana da ɗan aike. Mai kalangu ya buga fata, fata ta ture iskar da ke kusa da ita, wannan ta ture ta gaba, har turin ya iso dodon kunne. Jefa dutse a kududdufi, ruwa ne ke hawa da sauka. Kaɗa igiyar guga, igiyar ce ke lanƙwasa. Cire iskar, ko ruwan, ko igiyar, zance ya ƙare. Robert Boyle ya gwada haka a Ingila, ya wallafa a 1660: ya rataye agogo a cikin tulun gilashi, ya riƙa zuƙe iskar da famfo, ƙarar agogon ta riƙa dusashewa har ta ɓace. Amma yana nan yana kallon agogon ƙuru-ƙuru ta cikin gilashin. Sauti ya mutu, haske ko a jikinsa. Rana tana ta tafasa da rugugin da ba ya misaltuwa, ko ƙis ba ma ji, amma muna ganinta.

Masana na farko da suka yi tunani a kai sun rabu biyu. Isaac Newton ya karkata ga cewa haske wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi ne da ake harbowa. In haka ne babu matsala, tsakuwar da aka harba da gwafa ba ta neman wanda zai ɗauke ta. Christiaan Huygens, mutumin Holan, ya ce a'a, kaɗawa ce irin ta igiyar ruwa. Sunan Newton ya danne na Huygens kusan ƙarni guda, sai a farkon shekarun 1800 Thomas Young ya bi da haske ta wasu 'yan tsaga biyu, ya ga a bango an samu layi-layi na haske da duhu. Haske ya haɗu da haske ya haifi duhu. Tsakuwa ba ta yin haka, amma igiyar ruwa tana yi, in tudun wata ya faɗa cikin kwarin wata sai su kashe juna. Aka yarda haske kaɗawa ce. Nan fa aka shiga uku, don in kaɗawa ce, mene ne ke kaɗawa?

Sai suka yi abin da kowa zai yi, suka ce lalle akwai wani abu da ya cika sararin samaniya wanda ba ma gani. Turawa suka kira shi eter, Larabawa asir. Har gobe za ka ji mai gabatar da shiri a rediyon Larabci yana cewa muryarsa ta iso maka ta cikin asir. Ba na yi wa mutanen nan dariya, don ni ma da a zamaninsu nake da abin da zan ce ke nan. Amma dubi irin halittar da aka tilasta musu su amince da ita. Kaɗawa tana sauri ne gwargwadon taurin abin da take bi, don haka wannan eter sai ya fi ƙarfe tauri nesa ba kusa ba. A lokaci guda kuma sai ya zama ya fi hayaƙi laushi, tunda duniya tana keta shi dare da rana ba ta rage gudu. Abu ne da ba a taɓa shi, ba a auna nauyinsa, ba ya hana komai wucewa, aikinsa ɗaya tak, ya ceci masana daga tambayar Auta.

Mafita ta ɓullo ta wata ƙofa da ba a zata ba, ta wajen masu wasa da waya da maganaɗisu. A 1820 Hans Christian Oersted, a Denmak, ya lura cewa in lantarki na gudu a waya, allurar kamfas da ke kusa sai ta juya. A 1831 Michael Faraday ya gano akasin haka: motsa maganaɗisu kusa da naɗin waya, sai lantarki ya taso. Duk wanda ya taɓa hawa keke mai dainamo, irin wanda ke gogar taya fitila ta kama, ya ci gajiyar Faraday, haka ma duk mai janareto. Faraday ɗan maƙeri ne, bai yi zurfi a lissafi ba, wataƙila shi ya sa ya kalli abin da idon da masu lissafi ba su da shi. Ya ce ku daina kallon maganaɗisun da ƙusar da yake ja, ku kalli filin da ke tsakaninsu. Barbaɗa garin ƙarfe a kan takarda, ka sa maganaɗisu a ƙarƙashi, za ka ga garin ya jeru layi-layi a lanƙwashe. Akwai wani hali da wurin kansa ya ɗauka. A kowane gurbi akwai ja mai ƙarfi kaza, mai fuskantar gefe kaza, ko an sa ƙusa a wurin ko ba a sa ba. Wannan shi nake kira fage a aji: fagen maganaɗisu, da ɗan'uwansa fagen lantarki, wanda ke sa gashin hannu ya miƙe in ka yaye bargo cikin hunturu har ka ga tartsatsi a duhu. Sa maganaɗisu a cikin tulun Boyle, ka zuƙe iskar tas, zai ja ƙusarsa kamar yadda ya saba.

James Clerk Maxwell, mutumin Sikotilan, shi ya zuba tunanin Faraday a cikin lissafi, ya kammala a 1865. Lissafin ya nuna masa cewa duk inda fagen lantarki ke sauyawa, akwai fagen maganaɗisu tare da shi, duk inda na maganaɗisu ke sauyawa, akwai na lantarki. Saboda haka in ka girgiza lantarki a wuri guda, girgizar ba ta zama a wurin. Sauyin da aka yi a nan yana tilasta sauyi a gurbin da ke maƙwabtaka, wannan ya tilasta na gaba, abin ya yi ta miƙawa, ko da an kashe abin da ya fara girgizar. Na shekara ina gaya wa ɗalibai cewa kamar ƙafa biyu ne, dama ta taka ta ba hagu dama, hagu ta taka ta ba dama. Misalin yana shiga kai, amma na daina ba da shi haka kawai, don yana da ƙarya a ciki: fagagen biyu ba karɓa-karɓa suke yi ba, tare suke hawa tare suke sauka, ɗaya a gicciye da ɗaya, dukansu kuma a gicciye da inda aka dosa.

Abin da ya biyo baya shi ne wurin da nake so a duk tarihin kimiyya. Lissafin Maxwell ya ba shi damar fitar da saurin wannan girgiza daga wasu lambobi biyu da aka auna a ɗakin gwaji da tulunan tara lantarki da naɗin waya, aikin da babu ruwansa da haske ko kaɗan. Ya buga lissafi, ya samu kimanin kilomita 310,000 a sakan guda. To a 1849 wani Bafaranshe, Hippolyte Fizeau, ya riga ya auna saurin haske a Paris, da wata ƙafa mai haƙora 720 tana juyawa da madubi a nisan kilomita takwas da 'yan kai, ya samu lambar da ta yi kusa da wannan ƙwarai. Maxwell ya dubi lambobin biyu, ya ce wannan ba katari ba ne, haske shi ne wannan girgiza. Ya rasu a 1879 yana da shekara 48, bai ga tabbacin maganarsa ba. Wajen 1887 Heinrich Hertz, a Jamus, ya tayar da tartsatsi a wannan kusurwa ta ɗaki, wani ɗan tartsatsi ya amsa a zoben waya a waccan kusurwa, babu abin da ya haɗa su. Rediyo ke nan a ranar haihuwarsa.

Masu sauraron gajeren zango sun daɗe suna riƙe da wannan ilimi a hannu ba su sani ba. In mai shela ya ce za a same su a kan mita 19 ko mita 25, tsawon kaɗawa guda yake faɗa, daga tudu zuwa tudu. Rage wannan tsawo zuwa 'yan santimita, ka shigo unguwar wayar salula da tauraron ɗan Adam. Ci gaba da ragewa, ka iso ɓoyayyen hasken shayin nan. In ya kai ƙasa da kashi ɗaya cikin dubu na milimita, sai ido ya fara gani, ja tukuna, sannan rawaya, kore, shuɗi. Duk abu ɗaya ne, gudunsu ɗaya a cikin wofi. Mutanen da suka sauka a wata a 1969, suna tsaye kusa da juna amma ko ihu ɗaya ya yi ɗayan ba zai ji ba, sai ta rediyo. Wato sai da suka mayar da muryarsu wani nau'in haske kafin ta tsallaka taku biyu.

Shi kansa Maxwell bai saki eter ba, ya ɗauka fagagen nasa wani murɗe-murɗe ne a jikin eter ɗin. Waɗanda suka je farautarsa su ne Albert Michelson da Edward Morley, a garin Cleveland na Amurka, a 1887. Tunaninsu mai sauƙi ne. Ko ranar da babu iska ko kaɗan, mai babur yana jin iska na dukan fuskarsa. Duniya tana zagaya rana da gudun kilomita 30 a sakan, don haka dole a samu iskar eter tana busowa ta cikin kowane ɗaki, kuma hasken da ya tafi gaba da ita ya dawo zai ɗan makara a kan wanda ya gitta ta. Suka raba haske gida biyu, suka aika kowanne ta hanyarsa tsakanin madubai, suka sake haɗa su. Sun kafa kayan a kan wani faifan dutse da ke yawo a kan zaiba, don a iya juya shi a hankali ba tare da girgiza ba. Na'urar tana da kaifin da za ta kama bambancin da ake tsammani cikin sauƙi. Suka juya, suka auna da rana, suka auna da yamma. Iskar ba ta nan.

An shafe shekara 18 ana yi wa eter faci, har 1905, lokacin da wani ma'aikacin ofishin rajistar ƙirƙire-ƙirƙire a birnin Bern na Suwizalan, Albert Einstein, yana da shekara 26, ya ce a daina wahala, ba a bukatarsa. Haske a cikin wofi gudunsa ɗaya ne ga duk mai aunawa, ko yana tsaye, ko yana bin sa, ko yana guje masa. A wannan shekarar kuma ya nuna cewa Newton ma bai faɗi ƙasa warwas ba: haske yana tafiya kamar kaɗawa, amma in ya zo miƙa ƙarfinsa sai ya miƙa shi ƙulli-ƙulli, abin da yanzu ake kira foton. Kowane ƙulli in ya faɗa kan farantin sola yana iya zaburar da ƙwayar lantarki guda.

Wani ɗalibina mai kaifin baki ya taɓa ce mini, "Malam, ai ba a yi komai ba, an cire eter an sa fage, suna kawai aka sauya." Na ji daɗin maganar, don rabinta gaskiya ce. Wofi ba babu ba ne. Babu iska, babu ƙura, amma akwai fage a ko'ina, a kwance, yana jiran a taɓa shi. Inda yaron ya kuskure shi ne, eter abu ne, kamar ruwan kogi, wanda za ka iya cewa ina tsaye a cikinsa ko ina keta shi. Fage ba shi da wannan. Ba ya busowa, ba a keta shi, babu gwajin da zai gaya maka saurinka a kansa. Hali ne na sarari kansa. Don haka amsar tambayar Auta ita ce babu mai ɗauke da haske. Shi ne saƙon, shi ne ɗan aiken.

Ɗan aiken yana da sauri, amma ba ƙiftawa da bismilla yake isa ba. Ibnul Haisam, haifaffen Basra da ya yi aikinsa a Alƙahira shekara dubu da suka wuce, wanda ya kafa hujja a Kitabul Manazir cewa haske ne ke shigowa ido ba ido ke aika wani abu waje ba, yana ganin haske na ɗaukar lokaci a hanya ko da ba ma iya lura. Wanda ya fara kama shi da agogo shi ne Ole Roemer, ɗan Denmak da ke aiki a Paris, a 1676. Yana bibiyar wani wata na duniyar Mushtari mai suna Io, wanda ke shiga inuwar uwarsa duk bayan awa 42 da rabi. Ya lura in duniyarmu tana nesantar Mushtari sai watan ya riƙa makara, in tana kusantarta sai ya riƙa sammako. Ya ce watan bai yi laifi ba, labarinsa ne ke daɗewa a hanya. Yau lambar ita ce mita 299,792,458 a sakan, kuma tun 1983 da ita ake ayyana tsawon mita kanta. A sakan ɗaya haske zai zagaya duniya sau bakwai da rabi. Daga wata, sakan ɗaya da ɗan ɗori. Daga rana, minti takwas da sakan 20, tafiyar da motar da ke gudun kilomita 100 a awa, ba tsayawa shan mai, za ta yi a shekara 170.

Taurari kuwa sai a yi maganar shekaru. Kaza da 'ya'yanta, da ke tsakar sama a farkon daren hunturu, hasken da ke faɗa wa idonka daga gare su ya baro gida kimanin shekara 440 da suka wuce, Mai Idris Alooma yana kan gadon Borno, daular Songhai ba ta faɗi ba tukuna. Duk tsawon wannan tafiya bai gaji ba, bai rage gudu ba, don babu abin da zai goge shi. Yana dusashewa ne kawai saboda bazuwa: ninka nisa biyu, hasken da ke samun ido ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Kumbon Voyager 1, da Amurka ta harba a 1977, yanzu ya wuce kilomita biliyan 24, na'urar aika saƙonsa ba ta wuce wat 23 ba, ƙarfin ƙaramin ƙwan fitila. Saƙon yana shafe fiye da awa 22 a hanya, kuma yana isowa, ana tsinto shi da faranti mai faɗin mita 70.

Akwai abu ɗaya da na nuna wa Auta da yammacin ranar, don na ga har yanzu tana hasashen sararin sama cike da haske kamar tsakar gida. Rufin kicin ɗinmu yana da hujin ƙusa. Muka shiga muka rufe ƙofa. Ga ɗigon rana a ƙasa kamar kwabo, amma tsakanin rufin da ƙasan ba a ganin komai. Na ce ta buga tsintsiya a ƙasa. Ƙura ta tashi, sai ga sandar haske ta bayyana tun daga sama har ƙasa, miƙe sak, ƙura na iyo a ciki. Hasken yana nan tun da farko, sai dai ba a ganinsa daga gefe, sai ya daki wani abu ya karkato cikin ido. Shi ya sa fitilar mota ke yin sanda a cikin hazo, shi ya sa samanmu ke shuɗi, iska ce ke watsa hasken. A hotunan da aka ɗauko daga wata, ƙasa tana ƙyalli da rana tsaka amma sama baƙi ƙirin. Daren da kake kallo, sararin nan cike yake da hasken rana yana wucewa ta gefen duniya, ba ka ganinsa sai inda ya ci karo da wata ko Zara.

Ranar Litinin uwargida ta tura mu kasuwa mu biya bashin filas. Yawanci na ƙarfe ake sayarwa yanzu, bango biyu ne su ma da wofi a tsakani, ƙarfen kansa ke aikin madubin. Mai shagon, wani dattijo, ya ɗauko ɗaya ya cire murfi ya kara mini a kunne.

"Ji nan, Malam. Ka ji yana kuka? Mai kyau ke nan."

Na ji kukan, amma ko tulu ka kara a kunne zai yi maka irinsa, hayaniyar kasuwa ce ke amsa kuwwa a ciki. Na ce, "Alhaji, a taimaka mini da ruwan zafi." Ya aika yaro wurin mai shayi, aka cika filas ɗin aka rufe, muka zauna a benci muna hirar tsadar kaya. Bayan minti goma na ce wa Auta ta taɓa jikinsa. Ta dafa da tafin hannu, ta juya ta dafa da bayan hannu, ta ce sanyi ƙalau. Na biya, ta rungumo shi da hannu biyu har gida.